Tsohon Ƙullu da Kuɗin Dandali

Ranar 23 ga Nuwamba, 2024, sojojin Sudan suka koma Sinja, hedikwatar jihar Sannar, bayan garin ya yi kusan wata biyar a hannun dakarun Da'amus Sari', waɗanda gidajen rediyo ke kira RSF. Tun daga nan mutane suke ta komowa daga Gadarif da Kassala da Damazin, kowa da lissafin abin da ya tarar babu: ƙyauren gida, injin ban-ruwan lambun ayaba, buhunan riɗi, katifa, har tukwane. Hukuma da ƙungiyoyin agaji su ma da nasu lissafin, na asibiti da famfo da lantarki da makaranta, kuma ba mai ganin laifinsu. Amma akwai kayan da ba su shiga takardar kowa ba. Lasifikar nadi, wato kulob ɗin matasa da kusan kowane ƙauyen Sudan yake da shi. Ɗan janaretan da ake tayarwa in ana kallon ƙwallo. Tabarmi da kujerun aro. Kalangun da aka bari a rataye har fatarsa ta bushe ta tsage. Babu ɗaya a cikinsu da ya kai kuɗin tayar motar agaji, amma in babu su, unguwa ba za ta taru ba sai don rabon abinci ko zaman makoki.

Na san amsar da ke bakin mai karatu: sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Gaskiya ne, kuma ba wanda ya ce a ɗebi kuɗin magani a sayi fatar ganga. Sai dai mutanen kogin Shuɗin Nilu sun riga sun ba da tasu amsar. A 2014 Hajuj Kuka ya fitar da fim mai suna Beats of the Antonov, wanda ya ɗauka a cikin mutanen Shuɗin Nilu da duwatsun Nuba da yaƙi ya tarwatsa, har ya ci kyautar zaɓin 'yan kallo a bikin fina-finai na Toronto. Mutane ne da jirgi ke yi wa ruwan bama-bamai, da ƙura ta lafa sai su ɗauko rababar da suka harhaɗa da tarkacen tsintuwa, su taru a yi kiɗa. Ba su jira sai an ƙoshi ba.

Hausawan wannan yanki ba baƙin jiya ba ne. Bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a zuwa gabas, suka kafa garin da ke amsa sunansa a gaɓar Shuɗin Nilu, tsakanin Sannar da Sinja. Wasu kuma maniyyata ne da suka taso da ƙafa, guzuri ya ƙare, suka tsaya neman na gaba, tsayawar da ta kai ga jikoki da tattaɓa-kunne. Da aka gama madatsar ruwa ta Sannar a 1925, gonakin audugar Jazira suka shiga neman hannu ido rufe, ƙauyuka suka yi ta tsirowa a bakin kogi da bakin magudanai. Sun zo da kalangu da waƙar biki da tatsuniya da begen Manzo, suka tarar da gangunan nuba na 'yan ɗariƙa, da filin Maulidi inda kowace ɗariƙa ke kafa rumfarta har kwana goma sha biyu. A irin wannan gida, can Kassala, aka haifi A'isha Musa Ahmad, wadda Sudan ta sani da A'isha Falatiya. 'Yar malami ce, a gidajen biki ta fara waƙa, a 1942 ta zama mace ta farko da ta rera a Rediyon Umdurman, ta rasu a 1974 ta bar waƙoƙi da Larabci da Hausa. Tsakar gidan mutane ce makarantar da ta yaye ta.

A duk waɗannan wuraren ba a san yankan tikiti ba. A Turai da Amurka, in an ce wasa kyauta ne, labari ne, domin can da ƙofa da mai karɓar kuɗi aka saba. Mu kuwa a haka muka tashi. Amma ga ɗan kallo ne kawai wasan yake kyauta, akwai mai biya a bayan fage. Uban amarya ya biya, ɗan kasuwar riɗi ya ba da buhun sukari, samari suka yi wa makaɗi liƙi don ya ambaci sunan budurwa. Wannan hanyar ce yaƙi ya toshe. Kafin yaƙin ya ɓarke a Afrilun 2023, dala ɗaya tana wajen fam 600. Kafin ƙarshen 2024 ta haura 2,000. Takardar kuɗi ta yi wuya, ciniki ya koma manhajar Bankak, kuma har yau ba a gano yadda za a manna wa mai kalangu Bankak a goshi ba.

Matan yankin sun san maganin irin wannan matsala, ko da yake a madafa suka san shi. Kisra ita ce abincin yau da kullum a nan, Hausawa ma sun daɗe da ɗaukarta. Ga wanda bai taɓa ci ba, 'yar'uwar sinasir ce, sai dai da garin dawa ake yin ta, kuma siririya ce ƙwarai. Da yamma uwargida takan dama gari da ruwa a cikin hummara, tukunya ko bokitin da aka keɓe don wannan aiki kaɗai, ta rufe. Da safe ƙullu ya yi tsami ya tashi. Ta ɗora doka ko saji a kan wuta, ta goga mai, ta zuba ludayi guda, ta baza shi da gargariba, ɗan guntun kaba da bai fi tafin hannu ba, nan da nan ta ɓamɓaro ta ajiye a faifai. Baƙo yakan ɗauka gwanintar duk a wuyan hannu take, alhali rabinta a gindin hummara take. Ba a wanke ta tas. Kullum sai an bar ɗan ragowar ƙullun jiya, shi ne zai kama sabon gari ya tayar da shi cikin dare ɗaya. Masana irin su Farfesa Hamid Dirar, wanda ya wallafa littafi sukutum a kan abincin Sudan mai tsami a 1993, sun bayyana cewa wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani suke zaune a ragowar nan, su suke cin gari su ba da tsami. Uwargida ba ta buƙatar littafin. Ta san in babu tsohon ƙullu sai gari ya kwana biyu ko uku yana jira, kuma ba tabbas: ko ya yi tsami mai daɗi, ko ya yi wari a zubar.

Matar da ta yi watanni a Gadarif ta dawo ta tarar hummara ta bushe ƙaƙas, ko ma an tafi da ita, ba ta zama ta yi tagumi a kan haka. Yarinya take aikawa maƙwabta da ɗan kofi.

"Salamu alaikum. Gwaggo, wai in ji Inna, in kina da ɗan tsohon ƙullu ki sam mata."

"Af, ashe kun dawo? Barka da arziki. Miƙo kofin, 'yata. Ki ce mata ina nan shigowa."

Ba a rubuta bashi ba, ba a ce a kawo shaida ba. Ludayi ɗaya ne, kuma gobe in hummarar Gwaggo ta mutu, ta san ƙofar da za ta yi wa sallama.

Ƙaramin tallafin wasan unguwa ludayin nan ne, ko kuwa abin da ya kamata ya zama ke nan. Gari da itace da doka da hannu duk na mai gida ne. Shiga kowane ƙauyen Hausawa tsakanin Mai Wurno da Abu Hujar, da wuya ka rasa mai kalangu, da tsohuwar da yara ke zagayewa don Gizo da Ƙoƙi, da 'yan sakandaren da suka iya kwaikwayon mai unguwa da ɗan sanda har mutane su riƙe ciki. Fili yana nan, jama'ar da ta gaji da zaman ɗaki tana nan. Abin da babu shi ne galan biyu na fetur, da hayar lasifika, da sabuwar fata, da kuɗin raksha, wato babur mai ƙafa uku, a ɗauko mai garaya daga ƙauyen gaba, da sukari da gawayin gahawa don dattawa su zauna, domin sai dattawa sun zauna iyaye mata ke barin 'yan mata su fito. A lissafina dala 200 zuwa 300 ta isa dare guda, har da sallamar makaɗa.

Sallamar makaɗa ɗin nan ita ake fara sokewa, kuma ita ce bai kamata a taɓa ba. Masu ba da tallafi suna ƙaunar aikin sa-kai, har sukan manta cewa makaɗi da kiɗan yake cefane. Yaron da ya share fili don Allah ya yi, gobe zai koma gonarsa. Shi kuwa mai kalangu filin ne gonarsa. In aka biya mai janareta, aka biya mai kujeru, shi aka ce masa Allah ya saka da alheri, to ɗansa da ke tsaye yana kallo ya gama yanke shawarar cewa raksha zai koyi tuƙawa.

Kowace mai kisra kuma ta san ɗaya gefen. In tsohon ƙullu ya rinjayi sabon gari, kisra takan yi tsamin da yara ke turewa. Haka babban kuɗi yake yi wa ƙaramin wasa. Da zarar an ji ƙamshin dala dubu ashirin, sai ƙungiya mai rajista ta ɓullo daga birni, da shugaba da ma'aji da hatimi. A yi taron bita a otal, a raba alawus, a buga riguna, a ɗinko ƙyalle mai tambari wanda ya kusa fin dandalin faɗi. Ranar wasa a jera kujeru a gaba don manyan baƙi, a sha jawabai, mai kalangu ya samu minti goma daf da magariba, a ɗauki hoto a watse. Wata mai zuwa ba abin da zai sake faruwa a filin, ga kuma sabuwar cuta an bari: samarin da a da suke ɗauko tabarmi ba a roƙe su ba, yanzu sai sun ji nawa ne.

Akwai kuma tsamin da sharaɗi ke kawowa. A Yulin 2022 rikici ya ɓarke tsakanin Hausawa da maƙwabtansu a jihar Shuɗin Nilu, a kan batun ƙasa da neman sarautar gargajiya, ya taɓa Rusairis, ya sake tashi a Wad al-Mahi cikin Oktoba. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙirga sama da mutum 350 da suka rasu, kusan 100,000 suka bar gidajensu, wasunsu suka gangaro jihar Sannar. Don haka duk mai ba da tallafi a wannan yanki zai so ya ga an rubuta zaman lafiya a saman takarda, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Sai a samu wasan kwaikwayon da tun fitowar farko kowa ya san ƙarshensa: biyu sun yi faɗa, dattijo ya yi nasiha, an rungumi juna. Ni dai ban yarda irin wannan yana juya zuciyar kowa ba, domin wanda aka kashe wa ƙane ya san da shi ake, kuma ba ya son a yi masa wa'azi da abin da ya fi mai wa'azin sani. Na fi yarda da a busa waza, dogayen ƙahonin nan na ƙabilar Barta da ake harhaɗawa da duma, a fili ɗaya da kalangu, don daɗin ji kawai, a bar yaran ɓangarorin biyu su yi rububin wurin zama. Gwaggo dai ba ta ce sai da miyar kuɓewa za a ci kisrar ba.

To, daga ina ludayin zai fito? Cibiyoyin tallafa wa fasaha na ƙasashen Larabawa suna nan, 'yan Sudan kuma sun amfana da su: AFAC, wanda aka kafa a 2007 yake da ofis a Bairut, da Al-Mawrid As-Saƙafi. Sun ɗaga masu fim da marubuta da mawaƙa. Amma an gina su ne don mai kwamfuta da intanet da tarihin aiki a rubuce, wanda zai iya jiran watanni kafin ya ji amsa. Wanda ya fi kusa da abin da nake nufi a Boston ta Amurka ya fara, a 2009, da sunan Awesome Foundation. Mutum goma ne, kowa ya ajiye dala 100 a wata, su haɗa 1,000, su miƙa wa duk wanda ya zo da dabarar da ta burge su, ba tare da sharaɗi ba. Yau rassanta sun bazu a birane da dama. Ban ga abin da zai hana 'yan kasuwar riɗi goma a Sinja su yi haka ba, ko 'yan ƙauye goma da ke aiki a Jidda da Riyad. Matansu ma sun daɗe suna zubin sanduƙ, wato adashi, ba wanda ya koya musu.

Babban darasin kuwa a cikin Sudan yake. Da yaƙi ya tashi, hukuma ta watse, matasan unguwanni suka buɗe ɗakunan agajin gaggawa, gadon kwamitocin unguwa na juyin 2019 da tsohuwar al'adar nafir, wadda mu muke kira gayya. Su suka riƙe takaya, manyan tukwanen da ake dafa wa unguwa duka. Kuɗi yakan shigo musu kaɗan-kaɗan ta Bankak, daga 'yan uwa na ƙetare da daga ƙungiyoyi, unguwa ta yanke abin da za a saya, a tura hoton rasit. Sun kai abinci inda manyan motocin agaji suka kasa shiga, har a 2025 aka ba su kyautar Right Livelihood. Ke nan hanyar kai ƙaramin kuɗi hannun unguwa kai tsaye an riga an share ta, saura kawai a ware wa dandali ɗan kasonsa. Amma a tuna da Janairun 2025, lokacin da gwamnatin Amurka ta dakatar da agajin ƙetare. Cikin 'yan makonni masu gudanar da takaya suka ce kusan kashi 80 cikin 100 sun sauke tukunya. Ba laifinsu ba ne, ciyar da dubban mutane kullum ya fi ƙarfin ludayi. Dandali kuwa ba shi da wannan uzuri. In bayan tallafi uku har yanzu sai an yi aike kafin a yi wasa, an wanke hummara tas ke nan.

Saboda haka kowane tallafi ya bar ragowa a gindin tukunya. Maimakon hayar lasifika sau huɗu, a sayi ƙarama mai caji da faifan hasken rana, ta zama ta unguwa. In kuɗin ya kai, a haɗa da majigi, bangon makaranta ya isa allo. A ajiye kayan a hannun wata dattijuwa da kowa ke jin nauyinta, da littafin rubuta wanda ya ara. Ba don maza ba su da amana ba, sai don saurayi yana iya ce wa abokinsa batir ya ɓace, amma da wuya ya kalli sa'ar kakarsa ya faɗi haka. Mai biki ya ara ya ba da abin da ya sawwaƙa, a tara don wasan wata mai zuwa.

A nan ne fa ƙullu da kuɗi suka raba hanya. Ba a taɓa jin maƙwabta sun yi gaba a kan ludayin tsami ba, amma masu gidan rana, ko fam dubu ne, suna iya raba unguwa biyu, musamman inda ake da Hausawa da waɗanda ba Hausawa ba, da waɗanda suka gudu da waɗanda suka zauna. Maganin da na sani ɗaya ne, kuma mai sauƙi: kafin a buga gangar farko, a ɗauki lasifikar da aka saya a karanta nawa aka samu, daga wa, nawa aka kashe, a kan me. Ƙauyen Sudan ya saba da kashaf, takardar da ake rubuta gudummawar biki da ta makoki, don haka ba wanda zai ga baƙon abu.

Ko an samu kuɗin, da sauran tasdiƙ, takardar izini. A zamanin al-Bashir dokar tsarin jama'a ta sa ba a kiɗan biki sai da ita, kuma ƙarfe 11 na dare a tashi. Sai a Nuwamban 2019 aka soke dokar. Fim ɗin Suhaib Gasmelbari na 2019, Talking About Trees, labarin wasu dattawa huɗu ne masu shirya fim, cikinsu har da Ibrahim Shaddad, da suka so su buɗe tsohuwar silimar Umdurman su nuna wa unguwa fim kyauta. Suka share, suka wanke allo, suka tambayi jama'a abin da suke so su gani, izini ya ƙi fitowa. Mafrush ma, kasuwar littattafan da aka riƙa shimfiɗawa a ƙasa a tsakiyar Hartum ranar Talatar farko ta kowane wata tun 2012, ana karatun waƙa ana kiɗa ba ko sisi, hukuma ta taɓa tsayar da ita. Yanzu da ake cikin yaƙi, taron dare ba ya yiwuwa sai jami'an tsaro sun sani. Wannan kuɗi ba ya warware shi, sai ƙafa: a je wa mai unguwa, a je wa liman tun kafin ya ji a bakin wani, a buɗe da bege, a tashi da wuri. Limamin da aka gayyata ya yi addu'ar buɗewa ba kasafai yake yin huɗuba a kan taron ranar Juma'a ba.

Sai maganar lokaci, wadda ofisoshin nesa suka fi kuskurewa. Daga Yuni zuwa Oktoba damina ce, laƙar yankin nan tana riƙe mota kwana da kwanaki. A Oktoba ake yankan riɗi, shi kuwa riɗi ba ya jira, in aka makara sai ya fashe ya zube, don haka ko wa ka ɗauko ba mai zuwa kallo. Bayansa dawa. Sai an kai amfani gida, sanyi ya shigo, aljihu ya ɗan yi nauyi, sannan mutane ke da kunnen kiɗa. Kuɗin da ya iso a Agusta da umarnin a kashe shi kafin ƙarshen Satumba, don shekarar lissafin wani ofis ta ƙare, a hoto kawai zai tafi. Amsa ta fito cikin mako biyu. Takardar nema kada ta wuce shafi ɗaya, kuma a karɓi saƙon murya ta WhatsApp, da Hausa ko da Larabci, domin mutumin da ya fi kowa iya tara jama'a a ƙauyen mai yiwuwa da ajami kaɗai yake rubutu.